Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Fatsar Karp da Payik a Ruwayen Ingila

Duk wanda ya tashi a gefen kogi a ƙasar Hausa ya san fatsa: sanda mai lanƙwasa, zare, ƙugiya, guntun totuwa, sai tana da aka tono a gindin randa. Da ita muka riƙa kama tarwada da karfasa a Wudil muna yara. Ranar da na fara shiga shagon kayan kamun kifi a Ingila, na ga bango guda cike da ƙananan robobi da ƙarafa, kowanne da sunansa, sai na ɗauka wata sana'a ce daban. Daga baya na gane fatsar ce dai, dabara aka ƙara mata. 'Yan'uwa da suka zo karatu ko aiki suna yawan tambayata kan kifaye biyu da masunta a nan suka fi bi, karp da payik. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa, da abin da na sani a kansu.

Wane irin kifi ne karp, wane iri ne payik, kuma me ya hana a yi musu fatsa ɗaya?

Bakinsu ne ya raba su, kuma duk sauran bayanin daga nan ya samo asali.

Karp kifi ne mai faɗin jiki da manyan ɓawo, da 'yan gashin-baki guda huɗu. Ba shi da haƙori a leɓe, haƙoransa suna can cikin maƙogwaro. Yana kiwo a ƙasan ruwa kamar tunkiya: ya zuƙo laka da abin da ke cikinta, ya ɗanɗana, in bai gamsu ba ya furzar. Yana iya zuƙar abincinka ya tofar sau da dama kana zaune ba ka sani ba. Asalinsa yankin kogin Danub ne da gabas da shi, daga can aka yaɗa shi cikin Turai ana kiwonsa a kududdufai. Yana girma ƙwarai. A 1952 Richard Walker ya kama mai laba 44, kusan kilo 20, a wani ɗan tafki da ake kira Redmire, har aka kai shi gidan namun daji na Landan mutane suna zuwa kallo. A 2018 an kama mai kilo 51.2 a ƙasar Hangari.

Payik kuwa maharbi ne. Dogo ne siriri, baki kamar na agwagwa, ciki cike da ɗaruruwan haƙora, na dasashin sama sun karkata baya yadda abin da ya shiga ba ya fita. Yakan laɓe a gindin ciyawa ko rassan da suka nutse, ya tsaya cik, ƙaramin kifi na giftawa ya kai masa sura. Manyan duk mata ne, namiji da wuya ya wuce laba 10. Wanda aka kama a Jamus a 1986 ya kai kilo 25.

To, fatsar karp ana haɗa ta ne don ƙugiya ta kama leɓe a daidai lokacin da yake furzar da abinci. Ta payik kuma don kada haƙori ya yanke zare, kuma kada ƙugiya ta wuce cikin ciki.

Zan iya sayen kaya in tafi bakin ruwa kawai?

A'a, ɗan'uwa, kada ka fara. A Ingila da Wels duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisin sanda daga hukumar kula da muhalli. Na 'yan 13 zuwa 16 kyauta ne, amma sai an yi rajista. Akwai na sanda biyu, akwai na uku. Wanda aka kama ba shi da shi, tarar tana iya kaiwa fam 2,500. Bayan lasisi akwai izinin mai ruwan, domin kusan kowane tafki da kowane gaɓar kogi yana da mai shi, ko ƙungiyar masunta da ta kama haya. Ko ka sayi tikitin yini, ko ka zama ɗan ƙungiya. A koguna kuma an rufe kamun waɗannan kifaye daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda lokacin ƙwai. Yawancin tafkuna da magudanan jiragen ruwa ba sa rufewa. Kowane tafki yana da allon dokokinsa a bakin ƙofa, ka tsaya ka karanta.

Wace sanda zan saya, da wane manaɗi, da wane zare?

Sanda mai ƙafa 12. A jikinta za ka ga an rubuta lamba kamar laba 2.75 ko 3. Wannan shi ne nauyin da zai tanƙwara kan sandar har ya yi kusurwa da gindinta. Mai laba 3 ta ishe ka karp, kuma ita ɗin ce za ta jefa maka mataccen kifi don payik. Ba ka buƙatar sayen biyu tun farko.

Manaɗin zare ka nemi mai ɗan makunni a baya wanda ke sakin zare in kifi ya ja, da ka juya hannu kuma ya kulle. Kamfanin Shimano ya yi suna da irinsa da ake kira Baitrunner, amma kusan kowane kamfani yana yi yanzu. In babu wannan, karp yana iya fizge sandar gaba ɗaya ta faɗa ruwa.

Zare na roba mai ɗaukar laba 15, kauri wajen milimita 0.35, ya yi wa duka biyun. Masu payik da yawa sun fi son zaren kitso mai laba 50 ko fiye, domin ba ya miƙewa, kuma in ƙugiya ta maƙale a itace kana iya ja har ta buɗe, ba ka bar mataccen kifi da ƙugiyoyi a ƙasan ruwa ba. Kowane ƙulli ka jiƙa shi da yawu kafin ka ja, in ba haka ba zafin gogayya yana cinye ƙarfin zaren.

Abin da sababbi ke mantawa, kuma ya fi sanda muhimmanci: babbar ragar ɗauka mai hannu inci 42, da 'yar katifar da ake kwantar da kifi. Tafkuna da yawa ba za su bar ka ka jefa ba in ba ka da su. Na hannu ma sun wadatar.

Na ga abincin ba ya kan ƙugiya, yana reto a gefenta. Ba kuskure ba ne?

Ni ma da na fara gani na ce wannan ai wauta ce, wane kifi ne zai ga ƙugiya tsirara ya zo? A gida an koya mana a rufe ƙugiya ruf da tana, kada ko tsininta ya fito. Amma wannan shi ne abin da ya sauya kamun karp a duniya. Turawa suna ce masa heya-rig, wato ɗaurin gashi. Len Middleton da Kevin Maddocks ne suka fito da shi a ƙarshen shekarun 1970, bayan sun zuba karp a tankin gilashi suna kallon yadda yake ci. Sun lura yana zuƙar abincin da aka watsa ba fargaba, amma wanda ke da ƙugiya da zare mai tauri yana gane shi, domin ba ya motsi kamar sauran. Sai suka ɗaura abincin a ƙugiya da silin gashin mutum na gaske. Daga nan sunan ya fito.

Ka ɗauka karp ya zuƙo curin abincin. Ƙugiya tana biye da shi a baya, ta shiga baki. Ya ji wani abu bai yi masa ba, ya furzar. Curin ne ke fara fita, nauyinsa ya juya ƙugiyar, tsininta ya kalli ƙasa, ya ɗosana a leɓen ƙasa. Da ƙugiyar tana binne cikin curin, da tare za su fita sumul, musamman da yake curin da ake amfani da shi yana da tauri. Wani alherin kuma, kusan kullum a leɓe take kamawa, ba a maƙogwaro ba, cire ta bai fi ƙiftawar ido ba.

Yaya ake ƙulla shi?

Ka yanki zaren kitso mai laushi na laba 15 ko 20, tsawon kamu ɗaya da rabi. Ka yi ɗan ƙaramin zobe a ƙarshe ɗaya. Da allura mai ɗan ƙugiya a baki ka huda curin, ka jawo zoben ta cikinsa, ka sa ɗan tsinken roba a zoben ya tokare, kamar yadda ake tokare maɓalli.

Ɗaya ƙarshen ka zura shi ta idon ƙugiya daga baya zuwa gaba, wato ya fito ta ɓangaren tsini. Ka ja har curin ya rage kamar faɗin ƙwayar wake tsakaninsa da gwiwar ƙugiya. Ka danne da yatsa, ka naɗa zaren a jikin ƙugiyar daga ido zuwa ƙasa sau bakwai, ya danne gashin, wato guntun zaren da curin ke rataye a jikinsa, a bayanta. Sai ka sake zura shi ta idon, nan ma daga baya zuwa gaba. Wannan na biyun shi ne inda mutane ke ɓata aiki. In ka zura daga gaba, ƙugiya ba za ta juya ba. Ƙarshen zaren ka ƙulla a majuyi mai lamba 8, ɗan ƙarfen nan mai ido biyu da ke hana zare murɗewa. Tsawon da ya rage daga ƙugiya zuwa majuyi ya zama inci 6 zuwa 8.

Ƙugiya lamba 6 ko 8 ta dace da curi mai milimita 15. Ka tuna lambar na ƙaruwa, ƙugiya na ƙanƙancewa.

Kafin ka jefa, ka gwada abu biyu. Ka shimfiɗa ɗaurin a tafin hannu, ka ja zaren a hankali ta gefen hannun. Ya kamata ka ga ƙugiya ta mirgina ta kama fata. Sannan ka ɗora tsinin a kan farcen babban yatsa. In ya zame, ƙugiyar ta dakushe, ka jefa ta cikin gwangwani ka ɗauki sabuwa. Taɓa tsakuwa sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa tsini.

Mene ne aikin dalma, kuma me ya sa ake ta magana kan "ta iya fita"?

Nan ne na fi so a saurare ni da kyau.

Dalma ba don jifa kaɗai take ba. Mai oza 2.5 zuwa 3.5 ce ake sawa, kuma ita ce ke soka ƙugiya. Karp ya ji tsini a leɓe, ya ɗaga kai a firgice, ɗan gajeren zaren ya miƙe, nauyin dalma ya danna ƙugiyar ciki, ya zabura da gudu. A nan 'yar ƙararrawar da ake ɗora sanda a kanta, mai sanar da kai in an ja zare, za ta ɗauki kuka. Ba sai ka fizga ba, ɗaga sanda kawai za ka yi.

Amma ka yi tunanin zare ya tsinke a sama da dalmar. Kifi ya tafi da ƙugiya a baki, yana jan dalma da guntun zare. In dalmar ba ta iya rabuwa da shi, za ta sarƙe a saiwa ko ciyawa, ya zama an ɗaure shi a turke a ƙarƙashin ruwa har ya mutu. Na taɓa gani da idona wata safiya a wani tafki. Iska ta turo wani karp gefen ciyawa, cikinsa sama, zai yi laba 20. Da muka jawo shi da raga, leɓensa ya yage har gefe, zare ya naɗe a reshe, dalma tana ɗaure tamau da ƙulli a jikin majuyi. Wani ne ya ƙulla ta kai tsaye don kada ya yi asararta. Wannan kifin wataƙila ya shekara ashirin a ruwan.

Saboda haka ake amfani da ɗan maƙalin roba. Babban zare ya bi ta cikinsa, majuyi ya shige bakinsa ya zauna, dalma ta rataya a ɗan hannunsa, a tura wata 'yar hular roba ta rufe hannun. Hular nan ka jiƙa ta da yawu, ka tura ta kaɗan, gaɓa biyu ko uku, kada ka danna ta har ƙarshe, kada kuma ka kuskura ka sa mata gam. Ka riƙe ɗaurin ka girgiza dalmar da ɗan ƙarfi. In ta fita, haɗinka ya yi. In sai ka yi kokawa da ita, ka sake. Kada ka sa wani ƙulli ko majuyi na biyu a sama da maƙalin. Akwai wata igiya mai dalma a ciki da ake sawa don zare ya kwanta a ƙasa, tafkuna da yawa sun hana ta saboda wannan hatsarin, kuma ni ban ga dalilin da sabon shiga zai taɓa ta ba.

Wata doka kuma: tun 1987 an hana dalma ta gaske daga giram 0.06 zuwa 28.35, wato oza ɗaya, domin manyan fararen agwagin ruwan nan suna haɗiye ta gubar ta kashe su. Ƙananan da ke shago yanzu da wani ƙarfen ake yi.

In ƙasan ruwan laka ne ko ciyawa fa?

Ka fara sani tukuna. Ka ɗaura dalma ita kaɗai, ka jefa, ka jawo ta a hankali kana riƙe da sanda a gefe. Tsakuwa za ka ji tana kaf-kaf-kaf a hannunka. Yumɓu yana zamewa sumul. Laka tana riƙewa da nauyi, in ka shinshina dalmar wani lokaci ka ji wari. Ciyawa tana kullewa gaba ɗaya.

A tsakuwa da yumɓu, abin da na bayyana a sama ya isa. A laka mai zurfi dalma tana nutsewa ta ja abincin ciki, sai a koma haɗin da suke kira helikwafta: dalma a can ƙarshen zare, ɗaurin ƙugiya yana juyawa a sama da ita tsakanin 'yan duwatsun roba biyu, na saman kuma dole ya zama yana iya zamewa ya fita. A kan ciyawa mara tsawo akwai cod-rig, gajeren ɗauri mai tauri da curi mai tasowa sama, yana sauka a hankali ya zauna bisa ciyawar. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce 'yar jakar nan mai kama da leda wadda ke narkewa a ruwa. Ka zuba dalma da ƙugiya da ɗan abinci a ciki, ka ɗaure, ka jefa, bayan minti ɗaya ko biyu ta narke ta bar komai a tsibi ɗaya. Hannunka ya zama a bushe, ɗigon ruwa ɗaya yana huda ta.

Za ka ji sunayen ɗauri sun fi ashirin. Ka bar su tukuna. Wanda ya iya gano inda kifi yake, da ɗauri ɗaya zai fi wanda ya haddace ashirin ya zauna a ruwan da ba kowa. Da asuba ka zagaya tafkin ka duba inda kumfa ke tasowa ƙanana-ƙanana, ko inda ruwa ya gurɓace, ko inda kifi ya yi tsalle. Ran da rana ta yi zafi kuma, suna tasowa sama, ɓawon burodi a ƙugiya ba dalma ba komai yana kama su.

Wane abinci zan sa? Na ji ana amfani da naman alade.

Gaskiya ne, naman gwangwanin da suke yankawa ƙanana yawancinsa na alade ne, haka wasu tsiran-tsiran da ake sawa. Ka karanta jikin kwali, ko ka bar su, domin ba ka rasa madadi ba. Masarar gwangwani tana kama karp ko'ina. Burodi ma haka. Curin da ake ce wa boili, gari ne na kifi ko na waken soya da ƙwai, a mulmula kamar ƙananan curin fura a tafasa, don ƙananan kifi su kasa cinye shi. Fred Wilton ne aka fi dangantawa da shi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne aya. Ayar nan tamu da ake tallanta a faranti, wadda ake nomawa sosai a yankin Maraɗi har a fitar da ita Turai, tana cikin abincin da karp ya fi so. Yana murƙushe ta da haƙoran maƙogwaro. Sai dai ba a sa ta ɗanya. A jiƙa ta kwana ɗaya ko biyu, a tafasa rabin awa, a bar ta cikin ruwanta ta yi kwanaki har ta fara yauƙi. Busasshiyar ƙwaya, aya ce ko masara ko wake, tana kumbura a cikin kifi ta cutar da shi. Don haka ne wasu tafkuna suka hana aya da gyaɗa baki ɗaya. Inda aka yarda, ƙwaya biyu a gashi da ɗan tafi ɗaya a watsa sun wadatar.

Mu koma payik. Dole ne sai da waya? Zare mai kauri ba zai yi ba?

Dole ne. Farkon zuwana ina jan ɗan cokalin ƙarfe a wani magudani don ƙananan kifi, ba waya, sai na ji an riƙe, na ga walƙiyar kore da rawaya ta juya, zaren ya dawo yana lilo kamar an sa reza. Har yau abin yana damuna, domin na bar wannan kifin da ƙugiya mai baki uku a bakinsa, kuma irinta tana iya ɗinke maƙogwaro ya kasa ci.

Waya mai sili bakwai, mai ɗaukar laba 30, tsawo kada ya gaza inci 18. Akwai masu cewa zare mai kauri sosai na fulorokabon yana yi. Ni ban yarda in gwada a bakin kifi ba. Bayan kowane kamu ka bi wayar da yatsa, in ta lanƙwashe ko sili ɗaya ya tashi, ka sauya. Ko a ruwan da kake neman wani kifin da kifin roba, muddin akwai payik a ciki, ka sa waya.

Yaya ake haɗa masa mataccen kifi?

A jikin wayar akwai ƙugiya biyu masu baki uku-uku, lamba 6 ko 8, tsakaninsu inci 3 zuwa 4. Tsarin ya samo asali tun zamanin Alfred Jardine a ƙarni na 19. A kowace ƙugiya baki ɗaya ne kawai ake bar wa kunne, shi ke riƙe abincin, sauran biyun a matse kunnuwansu da filaya don sauƙin cirewa. Ta sama ka soka ta a gindin wutsiya inda nama ya yi ƙarfi, ta ƙasa a haƙarƙari, kada ta wuce tsakiyar jiki. Dalili shi ne payik yana kama kifi a gicciye, ya juya shi, ya haɗiye ta kai. In ƙugiyoyi suna wajen wutsiya, su ne na ƙarshen shiga.

Abincin kuwa yana kasuwa: titus rabi, shawa, sadin, duk da kifin teku ne yana cin su sosai saboda mai da ƙarni. Sadin yana da laushi, ka jefa shi tun yana da ƙanƙara. Kifi mai rai ni ba na sawa, kuma a Sikotilan da Ailan an haramta.

Ga sabon shiga na fi son haɗin totuwa, domin ido yana kai. Totuwar tasu ta roba ce ko ta itace mara nauyi, zare yana bi ta cikinta. A kan babban zare ka yi ɗan ƙullin tsayawa mai zamewa, sai dutsen roba, sai totuwa, sai dalma mai gudu a zare wajen oza ɗaya da rabi, sai wani dutsen roba, sai waya. Ka auna zurfin, ka matsa ƙullin ya zarce zurfin da ƙafa ɗaya. Ka jefa, ka ɗan ja zare har totuwa ta miƙe. Kifi na ɗauka za ka ga ta kwanta, ko ta yi rawa, ko ta kama tafiya. In za ka jefa nesa ba totuwa, dalmar ta zama mai oza 3 a zobe mai faɗi, bakin manaɗi a buɗe, zare a maƙale a wani ɗan ma'auni da ke faɗuwa da an taɓa, kuma zaren a miƙe yake, ba sako-sako ba.

Totuwa ta nutse. In jira ya haɗiye?

Kada ka jira. Tsofaffin masunta a nan suna da wata al'ada ta cewa a bar shi ya yi gudu na farko, ya tsaya, sai a na biyu a fizga. Wannan ya kashe payik ba adadi. Da ka ga alama, ka ɗauki sanda, ka naɗe zare har ka ji nauyinsa, ka ɗaga da ƙarfi zuwa kafaɗa ka riƙe. In ya kuɓuce, yawanci ƙarami ne. Gara ka rasa goma da ka soke ɗaya a ciki.

Kifin roba fa?

Shi ya fi sauƙin kaya, kuma shi na fi ba ɗalibi shawara: sanda mai ƙafa 8, zaren kitso, waya, kifin roba biyu, cokali ɗaya, raga, ka bi gefen magudani kana jifa kana tafiya. Ka nufi gindin gada, gefen jiragen da aka ɗaure, da bakin ciyawa. A sanyi ka ja a hankali kusa da ƙasa, kana tsayawa, domin sau da yawa a tsayawar yake kai hari.

Yaya zan cire ƙugiya daga bakin da ke cike da haƙora?

Karon farko ka je da wanda ya iya. Akwai ƙungiyar masu kamun payik ta Birtaniya da aka kafa a 1977, rassanta suna koya wa sababbi.

Kayan aiki: dogon hantsaki mai inci 12, filaya mai dogon baki, da abin yanka waya. Ka jiƙa katifa, ka kwantar da shi rigingine, ka durƙusa ya zama yana tsakanin gwiwoyinka ba tare da ka hau shi ba. Ka zura yatsu biyu ta ƙarƙashin murfin kunnensa, kana bin fatar murfin ta ciki, kada ka taɓa jajayen sassan nan da yake numfashi da su, suna da ƙaya kuma suna saurin zubar da jini. Ka tura yatsun gaba zuwa haɓa, ka ɗaga kaɗan, bakin zai buɗe da kansa. Ka duba inda ƙugiyoyi suke tun kafin ka sa hannu. Ka kama da hantsaki, ka juya, ka fitar. In ta yi gardama, ka yanke ta gunduwa-gunduwa.

Duk kamannin nan nasa na mugunta, payik ya fi karp rauni nesa ba kusa ba. Ba ya jure zafi da ƙarancin iska a ruwa, shi ya sa aka saba fara nemansa daga 1 ga Oktoba zuwa tsakiyar Maris. In za ka sake shi, ka riƙe shi a ruwa ta gindin wutsiya, cikinsa ƙasa, har ka ji ya buga da kansa. Hoto a durƙushe ake yi, bisa katifa, ba a tsaye ba.

Duk wannan wahala, sannan a mayar da kifin ruwa? Ba a ci?

Wannan ita ce tambayar da kowane Bahaushe ke yi, kuma tana da hujja, domin mu kifi abinci ne. Duka biyun ana cin su. A Folan da Cek karp ne abincin daren Kirsimeti, a Bagadaza shi ake gasawa a bakin Dijla, Faransawa kuma suna yin curin payik a Liyon. Amma a Ingila karp ɗin tafki dukiyar mai tafkin ce, da kuɗinsa ya saya ya zuba, manyan ma har suna gare su. Ɗauka ba da rubutaccen izininsa ba sata ce a doka. A kogi doka ta yarda da payik ɗaya a yini wanda bai wuce santimita 65 ba, amma dokar ƙungiyar da ke riƙe da wurin tana iya hanawa, kuma yawanci tana hanawa. Kowace ƙasa da nata: a Jamus sai ka ci jarrabawa kafin a ba ka lasisi, a wasu jihohin Ostireliya kuma mayar da karp ruwa ne laifi, domin ya zame musu annoba.

Ka kuma shanya raga da katifa su bushe sarai kafin ka kai su wani tafkin. Akwai cutar karp da jiƙaƙƙiyar raga ke ɗauka, tana iya share tafki guda.

In lokacin salla ya yi, in bar sandunan a ruwa?

Ka naɗe su. Doka ta hana barin sanda a ruwa ba mai kula, kuma a payik minti biyar sun isa ya haɗiye har ciki. Ruwan alwala ka zo da shi a jarka, kada ka kuskure baki da na tafki, akwai cutar da fitsarin ɓera ke bari a irin wannan ruwa. Kafin ka ɗaga sanda a sabon wuri kuma ka dubi sama, sandunan nan na kabon suna jan wutar lantarki.

In na koma gida, kayan nan za su yi mini amfani?

Wasu za su yi. Payik na ƙasashen sanyi ne, babu shi a kogunanmu, amma tsage yana nan a Kwara da Binuwai da tafkin Kainji, haƙoransa kuma sun fi na payik iya yanka. Waya da cokalin ƙarfe su ne maganinsa, sai dai bakinsa ƙashi ne, ƙugiya mai baki ɗaya mai kaifi ta fi kama shi. Sandar laba 3 da manaɗi mai sakin zare za su yi wa babbar tarwada da matsakaicin giwan ruwa. Karp kansa an kawo shi gonar kifi ta Panyam a Filato tun shekarun 1950, saboda sanyin wurin. In ka sami kududdufin da ake kiwonsa, kuma mai shi ya yarda, ka jiƙa aya ka tafasa ta tun da sauran kwanaki, ka tafi da ƙugiya lamba 8 da allurar hudawa.